Yadda Za Ka Zaɓi Unguwa Mai Sauƙin Haya da Makarantar Kirki a Katsina Kafin Ka Kwaso Iyali

Tun da na kwaso iyalina daga Kaduna muka dawo Katsina, da wuya wata ya wuce ban samu wanda ya kira ni a kan magana ɗaya ba. Wani an yi masa canjin wurin aiki, wani kasuwanci ne ya jawo shi, wani kuma ya baro garinsu ne saboda rashin kwanciyar hankali. Tambayar dai ita ce: wace unguwa ce mai sauƙin haya, kuma ina zan sa yara? Na amsa ta a waya har na gaji, shi ya sa na ga gara in zauna in jera matakan yadda ya kamata a bi su. Abin da na fi so ka riƙe tun daga nan shi ne tsarin: makaranta ake fara nema, sannan gida. Ni da na fara da gida, shekara guda na yi ina biyan kuɗin kuskuren.

1. Ku zauna da uwargida ku yi lissafin gaskiya

Kafin ka kira dillali ko ɗaya, ɗauki takarda da biro. Rubuta abin da ke shigo maka a shekara, wanda ka tabbata yana shigowa, ban da na sa rai. A ƙarƙashinsa ka ja layi biyar: haya, kuɗin makarantar boko da Islamiyya, kuɗin zirga-zirga, ruwa, wuta. Waɗannan biyar ɗin su ne farashin unguwa. Yawancinmu layin farko kawai muke kallo, don shi ne ake biya dunƙule, sauran kuwa a hankali suke tsiyaye aljihu ba a ji.

Ga misali, alƙaluman na kwatance ne, kai sai ka sa naka. Gida na farko yana can bayan gari, hayarsa naira 350,000 a shekara. Na biyu yana kusa da makaranta, naira 550,000. Ido zai ce na farko ya fi sauƙi da 200,000. To amma a na farkon yara uku sai sun hau kurkura, wato keke-napep, kai da komowa naira 1,500 a rana. In aka yi kwana 180 na karatu, 270,000 ke nan. Babu famfo, kullum sai an sayi ruwan naira 600 wajen 'yan garuwa, a shekara 219,000. Jimilla 839,000. A gida na biyu yara da ƙafa suke zuwa, akwai rijiyar burtsatse da ake haɗa naira 5,000 a wata, wato 60,000 a shekara. Jimilla 610,000. Gidan da aka kira mai tsada ya bar maka 229,000 a hannu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin abin hawa ya zama shi ne babban abin da ke sauya wannan lissafi, don haka kada ka yi masa kallon ƙaramin abu.

Gargaɗi: kada ka yi lissafin nan kai kaɗai. Uwargida ce ta san jarka nawa gidan ke sha a rana da wanki, ita ta san wane yaro ne ba zai iya doguwar tafiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

2. Dubi ajin kowane yaro kafin ka sa ranar tashi

Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, zango uku ne. Lokacin da ya fi dacewa a tashi shi ne dogon hutu, tsakanin ƙarshen Yuli da farkon Satumba, yara su shiga sabon aji tare da kowa. Wannan lokaci yana da wani amfani kuma: tsakiyar damina ce, gida ba ya iya ɓoye aibinsa.

In kana da yaro a aji 6 na firamare, ko aji 3 na ƙaramar sakandare, ko aji biyu na ƙarshe a babbar sakandare, tsaya ka yi tunani. Waɗannan ajujuwan jarrabawa ne. Makarantar da yaro yake ita ce ke yi masa rajistar WAEC da NECO, kuma ana haɗawa da makin gwajin da ya tara a shekarun baya. Makarantu da yawa ba sa karɓar yaro a ajin ƙarshe, waɗanda ke karɓa kuma sau da yawa su ne waɗanda ya kamata ka guje wa. In akwai ɗan'uwa amintacce a inda kuke, barin babban yaro ya ƙarasa shekararsa a can ya fi a tumɓuke shi ana saura wata shida.

3. Nemo makarantar tukuna

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ba a wakilci. Ka ware kwana biyu ko uku na aiki ka zo Katsina kai da kanka lokacin da makarantu ke buɗe, wato kafin a yi hutu. Makarantar da aka gani a lokacin hutu gini kawai aka gani.

Fara da tambayar mutanen da 'ya'yansu ke karatu a garin yanzu: abokan aikin da za ka tarar, malaman makaranta, limamin masallacin da ka sauka kusa da shi. Kada ka ce "wace makaranta ce mai kyau?", don kowa sunan da ya yi tashe zai faɗa maka. Ka ce, "Malam, ina ka sa naka yaran, kuma me ya sa ba ka cire su ba?" Daga amsoshin ka tsamo makarantu huɗu ko biyar, ka haɗa da na gwamnati da na kuɗi. Kada ka raina na gwamnati tun kafin ka gani. A doka karatun shekara tara na farko kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma tsakanin wata firamare da wata akwai tazara mai yawa; mafi yawa bambancin daga shugaban makaranta yake. Don sakandare kuma akwai tsofaffin makarantun gwamnati da garin ya daɗe da saninsu, irin su Kwalejin Gwamnati ta Katsina, da kwalejin 'yan mata da har yanzu mutane ke kira WTC, da Kwalejin Larabci ta Sir Usman Nagogo. Makarantun kimiyya na jiha da jarrabawa ake shigarsu, haka ma kwalejojin gwamnatin tarayya kamar wadda ke Daura da ta 'yan mata a Bakori, don haka in can kake hange sai ka nemi lokacin fom da wuri.

Ranar zuwa, ka isa bakin ƙofar makarantar da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ba tare da ka sanar ba. Tsaya gefe ka yi kallo. Malamai ne suka riga yara zuwa, ko yara ne ke jiran malamai? Akwai mai gadi da ya san fuskokin masu kawo yara? Bayan an shiga aji, ka nemi ganin hedimasta ko shugabar makarantar, ka gaishe su da mutunci, ka ce kana shirin kawo yara, kana son a zaga da kai.

In an shiga da kai aji, ƙirga kawuna. Malami ɗaya ba zai iya duba littafin yara 90 ba, komai ƙoƙarinsa. Sannan ka roƙi a ba ka littafin rubutu na yaro ɗaya, amma kai za ka nuna yaron, kuma ka nuna na layin baya. Buɗe ka duba ranar da jan biro ya taɓa shi a ƙarshe. A wata makarantar kuɗi mai kyan fenti da na shiga, na karɓi littafin wata yarinya 'yar aji huɗu, na tarar sati biyar ba a duba mata aiki ba, shafi bayan shafi ta kwafe abin da ke allo da kurakuransa. Na buɗe littafin Turancinta na ce ta karanta mini layi biyu. Ta dube ni, ta dubi malamar, ta sunkuyar da kai. Ban ga laifin yarinyar ba ko kaɗan, raina ne ya ɓaci don na san mahaifinta yana can yana tara kuɗin zango da gumin goshinsa. Washegari a wata ƙaramar makaranta mai aji shida da bishiyar darbejiya a tsakar fili, yaron da na nuna a aji uku ya karanta mini Hausa da Turanci yana bin layi da yatsa. A can na sa yarana.

Daga aji ka wuce bayan gida. In ba ruwa, in ba a raba na mata da na maza ba, ka sani 'yarka za ta wuni tana matse kanta, in ta girma kuma ta fara ƙin zuwa wasu ranaku. Duba inda yara ke shan ruwa, da katanga ko tana da ɓaraka.

Sai tambayoyi a ofis. In makarantar kuɗi ce, ka nemi ganin takardar amincewar Ma'aikatar Ilimi. In sakandare ce, ka tambaya ko cibiyar jarrabawar WAEC da NECO ce da kanta, ko kai yaranta take yi wata makaranta su rubuta; mai ɓangaren Larabci kuma ka tambayi matsayinta a NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci. Ka tambayi malamai nawa ne suka kai shekara uku a wurin. Makarantar da duk zango sai an ga sababbin fuskoki, albashi ne ba a biya yadda ya kamata, kuma a kan yara abin ke ƙarewa. A ƙarshe ka ce a rubuta maka duk abin da za ka biya a shekara: fom, rajista, kuɗin zango, yunifom, kayan wasanni, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, darasin yamma, bikin yaye ɗalibai. Kuɗin zangon da ake faɗa da baki sau da yawa bai kai abin da za ka fitar ba. Ka tambaya kuma ko ana ragi ga mai yara uku, don wasu suna yi amma sai an nema.

Gargaɗi: duk makarantar da ta ce maka "a nan ba a faɗuwa jarrabawa", ka yi sallama ka fita. Wannan alƙawarin satar amsa ne. Yaron zai fito da takarda mai kyau, ya je JAMB inda shi da kwamfuta ne kaɗai, a nan asiri ke tonuwa.

Kada ka bar garin ba ka duba Islamiyya ba. Katsina ba ta da ƙarancinsu, kusan kowace unguwa akwai, amma ka daidaita lokaci. Yaron da aka tasa daga boko ƙarfe biyu, ya ɓata awa guda a hanya, ya ci abinci a tsaye ya ruga Islamiyya ƙarfe huɗu, a gajiye zai yi ta zama a duka biyun. Wasu makarantun sun haɗa boko da haddar Alƙur'ani a wuni ɗaya. In irinsu ka zaɓa, ka saurari karatun yaro ɗaya kamar yadda ka duba littafin rubutu.

4. Ware unguwanni uku da ke kewaye da makarantar

Yanzu da ka tsayar da makaranta ɗaya da ta ko-ta-kwana, sai maganar unguwa. Ka nemi waɗanda yaro zai iya takawa cikin minti 15 zuwa 20, ko hawa ɗaya na kurkura ba sauyi.

A dunƙule, cikin gari, wato unguwannin da ke cikin tsohuwar ganuwa da bakin ƙofofi irin su Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yanɗaka, haya ta fi sauƙi, firamaren gwamnati da Islamiyya suna kusa, kasuwa da Babban Asibiti ba nisa. Wahalarsa samun gida sukutum naka kai kaɗai, sannan wani lungun mota ba ta shiga. GRA da Layout na Ƙofar Ƙaura sun tara makarantun kuɗi da tituna masu kyau, hayarsu kuma ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Dabarar da mutane ke yi ita ce su zauna a unguwar da ke maƙwabtaka da su, yara su riƙa tsallakowa. Rukunin gidaje irin su Barhim, Goruba, Fatima Shema da Dutsin Safe suna da tsari da natsuwa, sai dai gida ba ya daɗewa a kasuwa, kuma yawanci ta bakin mazauna ake jin labarinsa. Gefen gari kamar Kwaɗo, Kambarawa da Modoji nan ne sababbin gine-gine suke, ɗakuna da faɗi, amma nan ne lissafin ruwa da hanya ya fi muhimmanci.

Hanyar Dutsin-ma tana da nata hali. A kanta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua take, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Abin hawa ba ya yankewa, makarantun yara ma akwai saboda 'ya'yan ma'aikata, amma da ɗalibai za ka yi takarar gida, kuma mai gida ya san in ya yanka gidansa ɗaki-ɗaki ya fi samu. Wani ɓangaren wajen ma a Ƙaramar Hukumar Ɓatagarawa yake, don haka in firamaren gwamnati za ka sa yaro, ofishin ilimi na can ne naka.

Wanda aikinsa a Daura yake, kada ya ajiye iyali a Katsina da niyyar jeka-ka-dawo kullum. Tafiyar ta kai kilomita 80, mai kaɗai zai cinye albashin. Matakan nan duka suna aiki a Daura, garin ma ya fi sauƙin zagayawa.

5. Taka hanyar da ƙafarka

In an nuna maka gida, kada ka yarda da "nan da nan ne" na dillali. Ka zo da safe ka taka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makarantar, ka duba agogo, sannan ka ƙara rabin lokacin, don ƙafar ɗan shekara bakwai ba taka ba ce. Lura da titin da za su tsallaka. Manyan hanyoyi irin IBB Way, da wajen gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da ta Ƙofar Ƙwaya, ba wurin da ƙaramin yaro zai tsallaka shi kaɗai ba ne. Gidan da ke gefe ɗaya da makaranta ya fi wanda ya fi kusa amma sai an haye titi. Ka sake takawa da ƙarfe biyu na rana, ka tuna da zafin Afrilu da Mayu.

In dole sai an hau abin hawa, ka tsaya bakin titi ka ga minti nawa ake yi kafin kurkura ta zo, ka tambayi kuɗin ɗauka na wata. Mai kurkurar da zai riƙa kai maka yara, ka san gidansu, ka san wanda ya tsaya masa.

6. Ruwa, wuta da damina

Ruwan famfo a Katsina daga madatsar Ajiwa aka daɗe ana samunsa, kuma ba kowace unguwa yake kai wa ba, ba kuma kullum ba. Ganin kan famfo a tsakar gida ba shaida ba ce. Murɗa shi. In bai kawo ba ka tambayi maƙwabta yaushe rabon da ya zo. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tsaya a layin da ƙarfe bakwai na safe ka ƙirga kurar 'yan garuwa. In suna ta kai da komo, ka san da kuɗi ake shan ruwa a nan, sai ka tambayi kuɗin kura a damina da kuma a bazara, don ba ɗaya ba ne. In an ce akwai rijiyar burtsatse, ka tambayi da me ake tayar da ita, sola ko janareta, wa ke biyan gyara, kuma ko tana ja baya a watan Afrilu. Ɗanɗana ruwan.

Wuta ta KEDCO ce. Tambayi mai kanti ko mai cajin waya na layin awa nawa ake samu, kuma yaushe taransifoma ta lalace a ƙarshe, wata nawa ta yi kafin a gyara, nawa kowane gida ya bayar. Gidan da ke da mitar kati ya fi kwanciyar hankali. In takardar wata ake kawowa, ka ce a nuna maka ta ƙarshe.

Gargaɗi: bashin wuta a kan gida yake zama. In wanda ya tashi ya bar bashi, kai za a zo yanke wa. A warware shi, ko a cire daga kuɗin haya a rubuce, kafin ka karɓi makulli.

Sai damina. Nan ne na ci tawa wuyar. Gidan farko da na kama a watan Fabrairu na gan shi, sabon fenti, tsakar gida da siminti, na biya a ranar. Ruwan farko mai ƙarfi na watan Agusta da dare ya zo, muka farka tabarmi na yawo a falo, ƙaramar 'yata tana tsaye kan gado riƙe da jakar makarantarta. Da gari ya waye wani dattijo maƙwabcina ya kama hannuna ya kai ni bayan gidan ya nuna mini wani layi a jikin katanga, daidai gwiwa, inda fenti bai kai ba. Ya ce, "Ɗana, da ka tambaye ni da na gaya maka. Nan hanyar ruwa ce tun muna yara." Don haka ka zaga bayan gida ka duba gindin katanga, ka ɗaga kai ka duba silin ko akwai tabon yoyo, ka ga ko tsakar gidan ta fi titi tudu ko titi ya fi ta. Duba kwata ina take zuba, da kududdufi ko yana kusa, saboda sauro da kuma yara. Buɗe bayan gida ka zuba bokitin ruwa ka ga yadda yake wucewa, ka tambayi yaushe aka kwashe masai.

7. Mutanen unguwa da tsaro

Unguwa sau uku ake ganinta: da safe, bayan la'asar, da bayan isha'i. Ka yi sallar magariba a masallacin layin, ka zauna wajen mai shayi, ka bari hira ta zo da kanta. Bayan la'asar ka lura da yara: suna tafe da allo da jaka, ko suna yawo? Waɗannan su ne abokan ɗanka nan da wata biyu. Da dare ka ga su wa ke zama a kan kwana. Ka tambaya kai tsaye ko ƙauraye, wato 'yan daba, na damun unguwar, ko ana ƙwacen waya, ko akwai 'yan sintiri da kuɗin da ake haɗa masu. In gidan a ƙarshen gari yake, musamman ɓangaren da ke fuskantar hanyar Jibiya ko ta Batsari, ka ƙara bincike sosai, kuma ka guji gidan da shi ne na ƙarshe, bayansa sai gonaki ko kangaye, komai arhar sa.

Ka je gaida mai unguwa tun kafin ka biya. Ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, ina son zama cikinku da iyalina, an nuna mini gidan wane." Shi ya san ko gidan na gado ne da ake rigima a kansa, ko mai shi yana shirin sayarwa, ko duk shekara sai ya tashi ɗan haya. Kuma ranar da wata matsala ta taso, ka riga ka zama sananne.

Ka kawo uwargida ta ga gidan ta shiga maƙwabta. Abin da mata za su gaya mata cikin rabin awa, kai ba za ka ji shi a wata guda ba. Ku duba kuma asibiti mafi kusa da yadda za a kai yaro da tsakar dare, ko Asibitin Turai na mata da yara, ko Babban Asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya.

8. Dillali, ciniki da takarda

Dillalin da wani amintacce ya haɗa ka da shi shi ne naka. Tun farko ku yi maganar la'ada. Abin da aka saba ji shi ne kashi 10 cikin 100 na hayar shekara, wani lokaci da ɗan kuɗin zagayawa. Ka gaya masa iyakar kuɗinka da unguwanni ukun da ka ware, in ba haka ba zai wuni yana kai ka inda shi yake da gida.

Gargaɗi: kada ka tura ko sisi kafin ka ga mai gidan ido da ido, ko wakilin da mai unguwa ya shaida. "Akwai wani zai biya yau da yamma" tsohuwar magana ce. In gidan ya wuce, ba rabonka ba ne.

Wajen ciniki, gyaran da ka gano shi ne hujjarka. Yoyo, ƙofar da ba ta rufuwa, ragar sauro, wayar wuta: ko mai gida ya gyara kafin ka shiga, ko ka gyara a cire a haya. Duk abin da aka yarda a rubuta shi. Takardar ta ƙunshi ranar shiga da ranar ƙarewa, adadin kuɗi, wanda ke da alhakin babban gyara da kwashe masai, wa'adin da za a ba ka in ana son ka tashi ko za a ƙara haya, da sa hannun shaidu biyu. Rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, addini ma ya yi umarni da rubuta bashi. Ka biya ta banki, ka karɓi rasit. Shekara ɗaya za ka biya, kada ka yarda da biyu a gidan da ba ka ga damina a cikinsa ba.

Kuma kafin ka biya, ka koma makarantar ka tabbatar akwai gurbi a ajin kowane yaro. An sha kama gida don wata makaranta, a je a ce aji ya cika.

9. Takardun yara da ranar tashi

Tun kafin tsohuwar makaranta ta yi hutu, ka biya duk abin da ake binka, ka karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe na kowane yaro. Haɗa da takardar haihuwa, katin rigakafi na ƙanana, hotuna, da lambar NIN ta manya, don ba a rajistar JAMB sai da ita. Ka duba sunan yaro da ranar haihuwarsa sun zo ɗaya a duk takardun. Gyaran harafi ɗaya yanzu abu ne mai sauƙi, a ajin ƙarshe kuwa wahala ce babba. Takardun nan a jakar hannunka za su zo, kada su shiga motar kaya.

Sabuwar makaranta za ta yi wa yaro gwaji. In suka ce ya maimaita aji, kada ka yi fushi tun ba ka ga takardar gwajin ba. Ka zauna da malamin ku duba tare, wani lokaci darasin hutu na sati huɗu ya isa ya cike giɓin, wani lokaci kuma maimaitawar ce alheri gare shi. Kada ka ɗinka yunifom ko ka sayi littafi sai an ba ka jerin na makarantar.

Ku tare aƙalla sati biyu kafin a koma karatu. A share gidan, a yi feshin sauro, a sauya kwaɗon ƙofa kwana biyu kafin kaya su iso. In kun sauka, uwargida ta shiga gaida maƙwabta, kai kuma ka kai yara Islamiyya tun a satin farko, don a nan za su fara samun waɗanda za su riƙa tafiya boko tare. Kafin ranar buɗe makaranta ku taka hanyar da su sau biyu ko uku, ka nuna masu inda za su tsaya su duba titi, da shagon da za su shiga in wani abu ya faru, ka kuma gabatar da su ga mai shagon. Ranar farko ka raka su har ƙofar aji, ka karɓi lambar wayar malamin kowannensu, sannan bayan sati uku ka buɗe jakunkunansu ka duba ko jan biro ya fara shiga littattafan.